Wat Goma na Sauti, Wat Sittin na Zafi: Lacca Kan Haɗa Amfilifayar Ajin A da Hannu

 

Kun ga na kunna akwatin nan da ke kan tebur kafin in ɗauki makirufo. Ba zan saka masa kiɗa ba tukuna. Na liƙa ma'aunin zafi a jikin ƙarfensa, yanzu yana nuna digiri 34, daidai da zafin ɗakin nan. A bar shi ya ci gaba da ci, za mu waiwaye shi.

Wannan akwati amfilifaya ce, wato na'urar da ke karɓar ɗan siririn sautin da ke fitowa daga waya ko rediyo ta ba shi ƙarfin da zai iya girgiza takardar lasifika. Wat 10 take bayarwa a kowane ɓangare, dama da hagu. Na ga wasu sun yi murmushi, kuma na san dalili: a kasuwa ana sayar da ƙaramin akwati an rubuta wat 2,000 a goshinsa. Ku juya bayansa ku karanta wutar da yake ja, sau da yawa ba ta kai wat 30 ba. Na'ura ba ta fitar da abin da ba ta ci ba. Wat 10 na gaskiya, in aka haɗa shi da lasifika mai saurin amsawa, irin wadda ke ba da desibel 90 da wat ɗaya, ya isa ya cika falo har maƙwabci ya leƙo. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, kuma kunne da kyar yake lura da hakan.

To, mene ne ajin A?

Sauti a cikin waya igiya ce mai hawa da sauka, rabi sama rabi ƙasa. Yawancin amfilifayoyin da kuke gyarawa suna raba aikin tsakanin taransista biyu: ɗaya ya ɗauki rabin sama, ɗaya ya ɗauki rabin ƙasa, kowa ya huta idan ɗan'uwansa na aiki. Wannan shi ne ajin B. Kamar lugude ne a turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya, waccan ta ɗaga. Yana da tattalin wuta ƙwarai, a lissafi yana iya mayar da kashi 78 cikin 100 na abin da ya ci ya zama sauti. Matsalarsa tana wurin miƙa hannu. Taransistan silikon ba ya farkawa sai an ba ƙafarsa ta bes wajen bolt 0.6, saboda haka a daidai tsakiyar igiyar, inda wannan ya saki kuma wancan bai kama ba, akan sami ɗan giɓi. In kiɗa na da ƙarfi giɓin yakan ɓuya. In sauti ya yi ƙasa-ƙasa, giɓin ya zama babban kaso na abin da ake ji. Ku saurari kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos a rediyo mai arha da daddare, an rage murya. Bayan ya taɓa tsirkiyar, amon yakan ɗauki ɗan lokaci yana mutuwa a hankali. A nan ne za ku ji wani kaushi, kamar an zuba yashi a cikin sautin. Giɓin nan ne kuke ji.

A ajin A babu mai hutawa. Ku tuna masu yankan katako da dogon zarto, mutum biyu, ɗaya can ɗaya nan. Wannan ya ja, wancan ya sassauta, amma babu wanda ya taɓa sakin mariƙi. Taransistocin biyu suna ɗauke da wuta mai yawa a kowane lokaci, ko da kiɗa ko babu. Sauti in ya zo, abin da yake yi kawai shi ne ya ƙara wa wannan ya rage wa wancan, bambancin ya tafi lasifika. Babu miƙa hannu, babu giɓi. Farashin kuwa kuna ganinsa a kan teburin nan: akwatin yana shan wat 65 tun ɗazu, bai ce uffan ba, kuma duk wannan wuta zafi take zama. Ko a kan takarda, ajin A mai taransista biyu masu ja-in-ja ba ya wuce kashi 50 cikin 100. A aikace bai kai haka ba.

Dole in yi adalci a nan. Ajin AB, wato ajin B da aka bar wa taransistocinsa 'yar wuta ko da shiru, in aka saita shi da kyau yana rufe giɓin har kunne ya kasa kama shi, kuma injiniyan Ingila Douglas Self ya nuna hakan da awo a jerin maƙalun da ya fara fitarwa a mujallar Electronics World a 1993. Ƙananan allunan ajin D da ke cike kasuwa yanzu suna kaiwa kashi 90 cikin 100 ba tare da ɗumi ba. In masallaci ko gidan biki za ka haɗa wa sauti, kada ka kusanci ajin A. Ni dai ina koyar da shi ne domin ban san wata da'ira da ke koya wa mai koyo lissafin wuta da zafi da haƙuri da kayan da ba su kai ashirin ba kamar wannan. Kuma in ka gama, sautinta yana da daɗin da zai sa ka kwana kana saurare.

Da'irar da ke cikin akwatin nan ba tawa ba ce. Ta John Linsley Hood ce, injiniyan Ingila da aka haifa a 1925 ya rasu a 2004, wanda ya shafe shekaru yana aiki a kamfanin British Cellophane. Ya buga ta a mujallar Wireless World ta watan Afrilun 1969. A lokacin masu son kiɗa suna kukan cewa sababbin amfilifayoyin taransista ba su kai na bawul daɗi ba, wato kwalaben nan masu haske da ke cikin tsofaffin rediyo. Ma'aunin kowa a wancan zamani ita ce amfilifayar Williamson ta 1947, mai bawul, mai wat 15, ita ma ajin A. Linsley Hood ya zauna ya nemi hanya mafi sauƙi da taransista zai kamo ta, ya fito da da'ira mai taransista huɗu kacal a kowane ɓangare, wadda gurɓacewar sautinta ba ta kai kashi 0.1 cikin 100 ba. Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Sugden na Yokshaya ya fara sayar da A21, Jean Hiraga ya fitar da nasa zanen a Faransa, Nelson Pass na Amurka ya fitar da Zen a 1994 da mosfet guda ɗaya mai ƙara sauti. Amma fiye da shekara hamsin ke nan ana haɗa ta Linsley Hood a ɗakuna da shaguna a duniya, ita kuma zan warware muku.

Taransista na farko ƙarami ne, 2N3906. Shi ne mai tsaron ƙofa: sautin da ya shigo yana zuwa ƙafarsa ta bes, wani ɗan kaso na sautin da ya fita kuma ana dawo masa da shi ta ƙafar emita, ya riƙa gwada su. Duk inda abin da ya fita ya kauce wa abin da ya shiga, shi zai gyara. Wannan dabara ta dawo da kason fita domin gyara kuskure Harold Black na Bell Labs ne ya gano ta a 1927. Rezista biyu ne ke yanke girman ƙarin, mai om 2,700 da mai om 220. Ku haɗa su ku raba da 220, za ku sami 13 da 'yan kai. Wat 10 a lasifika mai om 8 yana buƙatar bolt 8.9, saboda haka in ka ba ta wajen bolt 0.7 a ƙofa ta kai iyakarta.

Na biyu shi ne zuciyar zanen, kuma a kansa zan daɗe. A asali 2N697 ne, yau ana sa BD139 ya yi aiki lafiya. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a lambu zai gane aikinsa. Akwai kwalbati guda mai kawo ruwa daidai gwargwado, ga fangali biyu. Mai lambu yana tsaye a mararraba da fartanya: in ya buɗe wa na ƙasa, na sama ya ragu; in ya toshe na ƙasa, ruwan ya malala na sama. Kwalbatin shi ne rezista biyu da ke saukowa daga layin wuta, mai om 100 da mai om 560. Fangalin su ne ƙafafun bes na manyan taransistoci biyu na fita. Mai fartanya shi ne wannan taransista: kolektarsa tana riƙe da bes ɗin na sama, emitarsa tana ciyar da bes ɗin na ƙasa. Akwai kuma kafasita da ke tasowa daga mafita ta koma tsakanin rezistocin nan biyu, aikinta ta riƙa ɗaga bakin kwalbatin tare da sauti, domin ruwan da ke gangarowa kada ya ragu idan igiya ta hau sama.

Yanzu ku fito da biro. Linsley Hood ya ba da bolt 27 da amfiya 1.2 ga lasifika mai om 8. Ga mai om 15 ya ba da bolt 36 da amfiya 0.9, ga mai om 3, bolt 17 da amfiya 2. Mu tsaya a om 8. Mafita tana zaune a rabin wuta, bolt 13.5. Cire wannan daga 27, cire kuma 0.7 na bes, saura wajen bolt 12.8 a kan om 660. Abin da ke gangarowa kwalbatin ke nan wajen miliamfiya 19 ne. Raba shi biyu, kowane bes ya sami ƙasa da 10. Domin miliamfiya 10 ya zama amfiya 1.2, sai taransistan fita ya iya ninka wuta sau 120. Linsley Hood da MJ480 ya yi aiki. Mu 2N3055 muke samu, kuma da yawansu ba sa kai wannan ninki a amfiya ɗaya. Shi ya sa ɗalibi zai kwafi zane harafi da harafi, ya kunna, ya auna, ya ga amfiya 0.6, sauti ya riƙa yankewa tun bai kai ko'ina ba, ya ce zanen ƙarya ne. Ba ƙarya ba ne. Om 560 an zaɓe shi ne domin taransistan da ke hannun mai zanen. Kai sai ka nemo naka: ka sa rezista mai juyawa mai jure wat 2 a wurin, ka fara daga sama kana ragewa a hankali har mita ta nuna abin da ake so, sannan ka auna inda ya tsaya ka maye shi da tsayayye. Kuma ka gwada taransistocinka tun kafin ka ɗaura su, ka haɗa masu ninki kusa da juna. In dole sai sun bambanta, mai ninki mafi yawa shi ake sawa a ƙasa, kamar yadda mai zanen ya ba da shawara.

Wannan lissafi yana ɗauke da wani abu da ya shafe mu fiye da mutanen Ingila. Tunda wutar zaman da'irar ta dogara da ninkin taransista, to ta dogara da zafi, domin ninki yana ƙaruwa in taransista ya ɗumama. Ya yi zafi, ya ja wuta. Ya ja wuta, ya ƙara zafi. In ƙarfen shan zafi, wanda masu gyara ke kira hitsin, yana da girma, abin zai hau kaɗan ya tsaya. In ƙarami ne, ba zai tsaya ba sai an yi asara.

Ni na yi wannan asarar. Ta farko da na haɗa, na saita ta da sanyin safiya a amfiya 1.2, a shago mai rufin kwano, cikin watan Afrilu. Na ɗaura taransistocin a kan ƙarfen da na ciro daga wata tsohuwar amfilifayar ajin AB mai wat 50, ina ganin abin da ya ɗauki 50 ai zai ɗauki 10. Da azahar na dawo na tarar mita tana nuna 1.9, ƙarfen ba ya taɓuwa, warin fenti mai ƙuna ya cika shagon. Kafin in kai hannu ga makunni fiyus ya tashi. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, waccan amfilifaya tana ɗumi ne kawai idan an ƙure ta, wannan kuwa a ƙure take tun daga kunnawa. Hasali ma ajin A ya fi zafi idan ya yi shiru, domin in kiɗa na tashi wani kaso na wutar yana fita ta lasifika.

Ga yadda ake lissafin. Bolt 27 sau amfiya 1.2 ya ba da wat 32 a kowane ɓangare, wat 16 a kan kowane taransista. Kowane ƙarfen shan zafi yana da lamba: digiri nawa yake hawa a kan kowane wat. Ba a so jikinsa ya wuce digiri 60 zuwa 65. Mutumin da ke ɗaki mai digiri 20 a Ingila yana da sararin digiri 40, ƙarfe mai digiri 1.2 a kan wat ya ishe shi. Mu a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, a bazara, ɗaki yana kaiwa 40. Sararinmu ya koma 20 zuwa 25, saboda haka muna buƙatar mai digiri 0.7 ko ƙasa da haka, wato kusan ninki biyu na nasu. Duk hoton da ka gani a littafi ko a intanet, ka ninka ƙarfensa. Daga jikin ƙarfe zuwa ɗan ƙwayar silikon da ke cikin 2N3055 akwai ƙarin tsani: wajen digiri 1.5 a kan wat daga ƙwaya zuwa kwanso, da wajen rabin digiri ta cikin maika da man shafawa. Sau 16, digiri 32 ke nan. In ƙarfe na 62, ƙwayar tana 94. Takardar masana'anta ta yarda har 200, amma wanda yake son na'urarsa ta yi shekara goma ba ya zuwa kusa da nan. Kafasitoci ma suna jin jiki: duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin rayuwar mai ruwa a ciki, don haka a nisanta su da ƙarfen.

Haƙarƙarin ƙarfen su tsaya a tsaye, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama, kuma su kasance a wajen akwati. In ƙarfen bai isa ba, fankar kwamfuta mai bolt 12 da aka ba bolt 7 tana juyawa ba hayaniya, kuma tana rage zafi sosai. Sai dai ku tuna da hunturu. Ƙurar wata biyu tana iya toshe tsakanin haƙarƙari kamar an shimfiɗa bargo, sai an riƙa bi da buroshi. Man shafawa kuma ɗan kaɗan ake sawa, a shafe shi siriri har ana hango ƙarfe. Aikinsa cike ƙananan ramuka ne, in ya yi kauri shi kansa ya zama katanga. Kwanson 2N3055 shi ne kolektarsa. Na sama yana ɗauke da bolt 27, na ƙasa 13.5. In ba ka sa maika da 'yan zoben roba a kusoshi ba, ka haɗa su ta jikin ƙarfe. Bayan ɗauri, sa mita tsakanin kwanso da ƙarfe ka tabbatar babu hanya, kafin ka kawo wuta.

Akwai kuma jabu. Da na huce daga waccan asara na sa zarto na yanke hular ɗaya daga taransistocin da suka mutu a ranar, na yanke ta wani tsoho da na ciro daga mataccen inji, na ajiye su gefe da gefe. Ƙwayar tsohon ta yi faɗin ƙwayar masara. Ta sabon ba ta fi ƙwayar dawa ba, an manna ta da wani farin abu, wayoyinta sirara kamar gashi. Rubutun da ke bayansu iri ɗaya. Ba na zargin mai shagon, shi ma a kwali aka kawo masa. Tun daga ranar, in zan sayi takwas nakan sayi tara, in yanka ɗaya. Na cire-cire daga tsofaffin injuna sau da yawa sun fi sababbi aminci. Araha ba ta ado.

Mu koma ga abincin da'irar, wato wutar da take ci. Amfilifayar ajin AB tana shan wuta kaɗan idan shiru, shi ya sa ba a jin gurnaninta. Wannan kuwa tana jan amfiya 1.2 ba tsayawa, kafasitar tace wuta tana cika tana zubewa sau 100 a daƙiƙa, tunda wutarmu mai zagaye 50 ce. Girman wannan tangaɗi shi ne amfiya a raba da 100 sau girman kafasita. Da maikurofarad 10,000, ɓangare ɗaya zai ba da tangaɗin bolt 1.2, biyu su ba da 2.4. Za ka ji shi a lasifika, wani "mmm" mai nauyi da ba ya tafiya ko ka rufe murya. Hanya ɗaya ita ce a tara kafasitoci. Hanyar da na fi so ita ce a sa taransista irin TIP142 a kan layin wuta, a ciyar da bes ɗinsa ta rezista da kafasita, shi kuma ya fitar da wuta mai laushi kamar an ninka kafasitar da ninkinsa. Yana cin bolt 3 ko 4, ya ƙara wat 7 zuwa 10 na zafi, amma gurnani ya mutu, kuma wuta tana hawa a hankali in an kunna, ƙarar "dum" ɗin da ke firgita lasifika ta ragu. Taransifoma mai fitar da bolt 24 ta dace da wannan tsari. Lissafi ya ce mai ƙarfin bolt-amfiya 100 da 'yan kai za ta iya, ni ina cewa a nemi mai 150 zuwa 200, domin ba ta da lokacin hutu. Masu naɗin koyil da ke cikinmu, ga aikinku.

In gurnanin siriri ne mai zizar ƙudan zuma, kuma yana canjawa in ka motsa wayar shiga, to ba kafasita ba ce, hanyar ƙasa ce. A tara dukkan wayoyin ƙasa a wuri guda, kowace da hanyarta: ta lasifika daban, ta ƙofar shiga daban. Wayar da ke tsakanin diyod da babbar kafasita tana ɗauke da bugun wuta mai ƙarfi, kada a jingina komai a tsakiyarta.

Wutar gari kuma kun san halinta. Wannan da'ira, in bolt ya hau, amfiya ma hawa yake, domin kwalbatin nan rezista ne kawai. In wuta ta tashi daga 230 zuwa 250, zafi zai ƙaru da kusan kashi 18 cikin 100. In ta faɗi zuwa 180, bolt 27 ya koma 21, wat 10 ya koma wajen rabi. Shi ya sa nake ganin masu sola sun fi kowa dacewa da ita. Batir biyu masu bolt 12 a jere, in sun cika suna kan caji, suna zama wajen bolt 27, daidai abin da mai zanen ya nema, kuma batir ba ya gurnani. Sharaɗi biyu: a sa fiyus dab da kan batir, domin batir yana iya narka waya cikin ƙiftawar ido, sannan a yi lissafin ci. Awa 5 na saurare wat-awa 325 ne, kuma wannan ba ƙaramin kaso ba ne a gidan da ke lallaɓa batir ya kai asuba.

A 1996 Linsley Hood ya sake fitar da zanen a Electronics World, ya ba shi wuta mai layi biyu, ya cire babbar kafasitar mafita, ya sa da'irar da ke riƙe wutar zama, ƙarfin ya kai wat 15. Masu haɗawa da yawa sun bi wannan, suna cewa kafasita tana dusashe sauti. Ra'ayina a nan a fili yake: riƙe wutar zama gyara ne na gaske, kuma mu masu zafi mun fi kowa buƙatarsa, a ɗauka. Amma kafasitar mafita a bar ta. Mai maikurofarad 2,200 a kan om 8 ba ta fara rage sauti sai wajen zagaye 9 a daƙiƙa, can ƙasa da inda kunne ke ji. In ka sa 1,000 ne za ka taɓa zagaye 20, ka fara cin gindin ganga. Kuma ranar da taransista ya mutu ya haɗe, ita ce za ta tsaya tsakanin wutar da lasifikarka. A ranar da tawa ta ƙone, taransista biyu da fiyus na rasa, lasifikar tana nan har yau. A inda jabu ke yawo kuma lasifika mai kyau ta fi dukkan da'irar tsada, ban ga hikimar cire mai gadi ba.

Wasu suna sa taransista na zamani irin 2SC5200 a madadin 2N3055. Yana da kyau, ninkinsa ya fi tsayawa daram, amma yana da sauri ninki goma ko fiye, kuma mai sauri yana iya kama kaɗawa shi kaɗai a can sama inda kunne ba ya ji. Alamarta: wuta tana canjawa in ka kai yatsa kusa da allo, ko rediyon da ke gefe ya kama shuu. Maganin farko gajerun wayoyi. Na biyu rezista mai om 10 a jere da kafasita mai nanofarad 100 daga mafita zuwa ƙasa. In wannan rezista ya yi zafi alhali babu kiɗa, kaɗawar tana nan, a koma a duba shimfiɗar wayoyi.

Ranar kunnawa ta farko kada a haɗa lasifika. A sa rezista mai om 8 mai jure wat 20 a wurinta. A jera ƙwan fitila mai zare, irin na da, a kan wayar wutar gari. In akwai haɗewa zai haska sosai ya tsare kayanka. Da wannan da'ira zai ɗan yi ja ko lafiya take, tunda ci take yi, saboda haka in ka tabbatar babu haɗewa sai ka cire shi kafin saiti. Sa rezista mai om 0.1 a layin wutar kowane ɓangare: milibolt 120 a kansa shi ne amfiya 1.2. Saita mafita a rabin wuta ta rezistan da ke ciyar da bes ɗin taransista na farko. Fara da amfiya 1, rufe akwatin kamar yadda zai zauna, jira minti 30, sake aunawa, sake saitawa, ka kuma jira. Kuma a yi wannan da rana tsaka, a lokacin da ɗakin ya fi zafi, domin abin da aka saita da asuba ba shi za a tarar da azahar ba. Wanda ba shi da osiloskof ya saka sautin gwaji mai zagaye 200 daga waya, ya auna bolt a kan rezistan om 8, ya ƙara murya a hankali. Ya rubuta komai a littafi, da kwanan wata da zafin ɗaki. Gyaran da ba a rubuta ba, bayan mako biyu ba za ka tuna ko ya ƙara ko ya rage ba, kuma kunne yana son ya yaba wa abin da hannu ya wahala a kai. A canja abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Shugaban wannan zama yana nuna mini agogo. Bari mu duba akwatinmu. Ma'auni yana nuna digiri 57, ya hau da 23 a kan inda muka bar shi, kuma tun minti goma da suka wuce nake satar kallonsa bai ƙara ba. Mita tana nuna milibolt 124. Yanzu zan saka kuntigi, in rage murya ƙasa sosai, ina roƙon a yi shiru a saurari wutsiyar kowane amo har ya ɓace. Bayan nan a taso sahu-sahu, mutum biyar-biyar, kowa ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfen ya ƙirga, ya ji yadda digiri 57 yake a fata, domin ba kullum za ku sami ma'auni a shago ba. Na buɗe murfin domin a ga shimfiɗar wayoyi, na kuma rufe ɓangaren wutar gari da roba. Masu zobe da agogon ƙarfe a cire su tukuna. Taransistocin nan biyu da na yanke suna cikin faranti a gefe, a ɗaga a duba da kyau a mayar.